Yadda shuka ke sarrafa halin ƙwaron da ke cin ta, daga uwa har jikoki

 Duk shekara idan kaka ta yi, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo a bakin manoma. Me ya sa murzuna ke faɗa wa gonar wani, ta tsallake ta maƙwabcinsa? Me ya sa waken da aka ɗure a buhu lafiya lau a watan Nuwamba yake komawa gari kafin bazara? Me ya sa maganin da ya yi aiki shekarun baya yanzu ƙwari ba su ko jin sa?

Amsar tana da alaƙa da wani abu da masana ƙwari suka daɗe suna bincike a kai. Shukar da ƙwaro ke ci ita ce ke tsara girmansa, da launinsa, da lokacin fitowarsa, har da halinsa, kuma wani sashe na wannan yana bin zuriyarsa. Mun tattara bayanin nan ne domin kowa ya samu wurin dawowa ya duba.

Me ake nufi da zubi?

A cikin wannan bayani za ku riƙa cin karo da kalmar "zubi". Abin da muke nufi shi ne zagaye ɗaya na rayuwar ƙwaro: daga ƙwai, zuwa tsutsa, zuwa lokacin da tsutsar ke ƙudundunewa cikin ɓawo, zuwa babban ƙwaro da zai sake yin ƙwai. Ɗan Adam yakan kai shekara 25 ko 30 kafin ɗansa ya maye gurbinsa. Ƙwaron wake kuwa, idan akwai zafi, sati 3 zuwa 4 sun ishe shi. Ke nan zubi 40, wanda a wurin mutane zai ɗauki kimanin shekara 1,000, ƙwaron wake yana gama shi cikin shekara 3 da ƴan kai. Shi ya sa canjin da ba ma iya gani a jikin mutane ko shanu, a wurin ƙwari yana faruwa a gaban idonmu, cikin rumbunmu.

Hanyoyi uku da shuka ke bi

Hanya ta farko ita ce ta ciki. Abin da tsutsa ta ci shi ne jikinta. Idan ta samu abinci mai kyau ta zama babban ƙwaro mai yawan ƙwai, idan ta sha wuya ta fito ƙarama. Wannan yana tsayawa ne a kan ƙwaron da ya ci abincin.

Hanya ta biyu ita ce ta uwa. Uwa ce ke zaɓen wurin da za ta ajiye ƙwai, kuma ita ce ke zuba guzuri a cikin ƙwan. A jihar Arizona ta Amurka akwai wani ɗan'uwan ƙwaron wakenmu da ke yin ƙwai a kan ƴaƴan itatuwan daji. A 1997 Charles Fox da abokan aikinsa sun nuna cewa idan macen ta tarar da ƴaƴan itace masu wuyar hudawa, sai ta rage yawan ƙwai ta ƙara musu girma, don ƴaƴanta su samu ƙarfin shiga. Idan masu sauƙi ne, sai ta yi ƙananan ƙwai da yawa. Kun ga itacen ya riga ya taɓa ɗan tun bai ƙyanƙyashe ba.

Hanya ta uku ita ce ta tankaɗe, kuma ita ce mai daɗewa. A cikin ƙwari dubu ba a rasa ƴan kaɗan da suka zo da wani bambanci tun daga haihuwa. Idan shukar tana da ɗaci ko guba ko tauri, mafi yawa za su mutu, waɗancan ƴan kaɗan su rayu su hayayyafa. Ƴaƴansu su gaji abin da ya tsirar da iyayensu. A nan sai mu yi hattara: ƙwaro ba ya koyon wata dabara ya koya wa ɗansa. Shukar ce kamar rariya, kowane zubi tana tace su, wanda ya wuce shi ne iri na gaba. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Farar tumfafiya: misalin da kowa ya sani

Mu nan ƙasar Damagaram ba baƙin cin fara ba ne, ana soya ta ana sayarwa a kasuwanninmu har ana kai wa Najeriya. Amma ko yaro ya san ba a cin farar tumfafiya, waccan mai ruwan ɗorawa da zane-zane masu duhu, wadda ke zaune a kan ganye ba ta ko damu da gudu ba.

Dalili shi ne farin ruwan tumfafiya yana ɗauke da guba mai taɓa bugun zuciya. Yawancin ƙwari da dabbobi suna ƙaurace masa. Ita wannan fara, bayan tankaɗe na zubi marar adadi, jikinta ya daina jin gubar. Har ma tana tara ta a jikinta, kuma ƙananan suna iya fesa wani ruwa mai wari idan aka taɓa su. Launinta mai haske gargaɗi ne ga tsuntsaye. Haka ma wani malam-buɗe-littafi mai jan ƙasa-ƙasa da baƙi da ɗigon fari a bakin fiffike, wanda tsutsarsa ke tashi a kan tumfafiya.

Masu bincike sun taɓa kiwon irin wannan fara da ganyen da ba shi da guba, sai suka ga gubar jikinta ta ragu ƙwarai. To kun ga hanyoyi biyu sun haɗu a ƙwaro ɗaya: iya jure gubar gado ne, amma ita gubar kanta sai an ci tumfafiya ake samun ta.

Ƙwaron wake: abin da ke faruwa cikin buhu

Ƙwarin da ke huda wake a ƙasarmu iri biyu ne manya, kuma dukansu tun daga gona suke shiga, ba a rumbu suke fara ba. Mace takan liƙa ƙwai a kan kwanson wake ko a kan ƙwayar. Idan kun duba wake kuka ga ƴan fararen ɗigo-ɗigo manne a jiki, ƙwan ke nan. Tsutsar tana hudawa ta shiga kai tsaye, ba ta sake fitowa sai ta zama babban ƙwaro. Ba ta da zaɓi, ƙwayar da uwarta ta ɗora ta a kai ita ce duniyarta.

Na farko, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus, shi ne mai zama a rumbu har ya gama da shi. Babban ƙwaron ba ya bukatar ci ko sha. Yakan yi sati ɗaya ko biyu a raye, macen ta zuba ƙwai da ke iya kaiwa 100, duka da ƙarfin abin da ta ci tana tsutsa. Tana kuma shinshina ƙwayar wake, idan ta ji wata ta riga ta yin ƙwai a kai sai ta nemi wadda ba kowa. Sanyin hunturu yana rage masa sauri, amma daga girbi zuwa faɗuwar damina yana iya yin zubi 6 ko fiye. Abin da ya shigo buhu a matsayin ƴan ƙwai kaɗan shi ne ke zama garin da muke gani a watan Afrilu.

Akwai wani abin mamaki. Idan tsutsotsi suka yi cunkoso a cikin wake, buhu ya ɗauki zafi, sai zubin da zai fito ya haɗa da wasu ƙwari masu wata kama daban. Launinsu ya fi haske, suna tashi sama sosai, sun fi daɗewa a raye, ƙwansu kuma bai kai na sauran yawa ba. Waɗannan su ne matafiya. Su ne ke barin rumbu su nemi wani wuri, har su kai ga gonakin wake na sabuwar damina. Wato halin da waken ke ciki shi ne ke yanke ko jikokin za su zauna ko za su yi ƙaura.

Na biyun, Bruchidius atrolineatus, masu bincike na jami'ar Yamai da takwarorinsu na Faransa sun bi diddiginsa a shekarun 1980. Shi yakan yi zubi ɗaya ko biyu bayan girbi, daga nan manyan su daina haihuwa, su fice su ɓuya duk tsawon rani. Ba sa komawa yin ƙwai sai damina ta dawo wake ya yi fure, sun ci garin furen. Furen wake shi ne ke tashe su daga hutun.

Gwajin da ya nuna saurin canjin

Wani masani mai suna Frank Messina, a jami'ar jihar Utah ta Amurka, ya yi shekaru yana kiwon irin ƙwaron wakenmu. Ya samo wani rukuni daga kudancin Indiya da suka saba da wani ƙaramin koren wake. Da yake ƙwayar ƙarama ce, ba ta isar tsutsa biyu, don haka tsutsotsinsu mafaɗata ne: idan biyu suka haɗu a ƙwaya ɗaya, ɗaya ce ke fita da rai. Sai ya mayar da wasunsu kan irin wakenmu mai girma. Bayan zubi 40, kamar yadda ya bayyana a 2004, jikokin sun rage girma da sama da kashi 10 cikin 100, kuma sun rage faɗa. Idan biyu suka haɗu a ƙwaya ɗaya, sau 65 ko fiye cikin 100 dukansu suna rayuwa, alhali a wurin waɗanda aka bari a kan ƙaramin waken bai wuce sau 12 ba.

Ya sake gwada su da adas, wani ƙaramin wake mai faɗi da ake ci a ƙasashen Larabawa, wanda asali ba abincinsu ba ne. Da farko ko 2 cikin 100 ba sa rayuwa a cikinsa. Kafin zubi 20, sama da 80 cikin 100 suna rayuwa. Zubi 20 bai cika shekara 2 ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta gano wani irin wake, TVu 2027, wanda ƙwaro ke shan wuyar ci, aka yi amfani da shi wajen haɗa sababbin iri. Daga baya an samu wasu rukunin ƙwari da ke iya cin sa. Irin mai juriya yana da amfani, amma ba a jingina da shi kaɗai.

Murzuna da agogon hatsi

Murzuna, tsutsar da ke bin zangarniyar hatsi tana yanka ta a murɗe, zubi ɗaya tak take yi a shekara. Uwarta wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare. Tana neman zangarniyar da ta fara leƙowa, ta zuba ƙwai a kai. Cikin kwana 3 zuwa 5 su ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi kimanin wata ɗaya tana ci, sannan ta sauka ta shige ƙasa ta ƙudundune. A nan za ta kwanta duk rani, wata 10 ko fiye. Sai kimanin wata ɗaya bayan ruwan shuka sannan manyan su fito, galibi cikin watan Agusta, daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai.

Wannan daidaito aikin tankaɗe ne. Wadda ta fito da wuri ba ta tarar da zangarniya ba, wadda ta makara ta tarar ƙwaya ta yi tauri, duka biyun ba su bar baya ba. Wadda lokacinta ya dace da na hatsi ita ce kakar waɗanda muke fama da su yau. Bayan farin 1972 zuwa 1974 ne aka fara lissafa murzuna cikin manyan maƙiyan hatsi a yankin Sahel, kuma a shekarar da ta yi tsanani tana iya cin fiye da rabin amfanin gona.

Daga nan za mu fahimci abin da ke raba gona da gona. Gonar da ta riga sauran fitar da kai, ko don an yi binne ko don irin mai saurin nuna ne, ita ce uwayen ke taruwa a kai. Maiwa, da ke fitar da kai a makare, sau da yawa tana tsira saboda lokacin ƙwan ya wuce. An kuma lura cewa zangarniya mai cika tam ta fi ba tsutsar wuya a kan mai sako-sako. Ba muna cewa a bar iri mai sauri irin su HKP ba ne, ai da damina mai gajarta su ne rufin asiri. Abin lura shi ne kada gona ɗaya ta zama ita kaɗai ce mai kai a duk karkarar.

Ita kuwa tsutsar kara, mai huda hatsi ta ciki har ya bushe ko ya karye, tana yin zubi 2 ko 3 cikin damina ɗaya. Zubin ƙarshe yana kwanciya ne a cikin busasshen kara, ya jira damina. Karan da muke yin danni da shi, da na rufin rumbu, da wanda muke jinginewa a inuwa, su ne masaukinta na rani.

Sai baƙuwar tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka, wadda aka fara gani a Najeriya a farkon 2016 kafin ta bazu har ƙasarmu. A can asalinta ta rabu gida biyu: wani rukuni ya fi son masara da dawa, wani ya fi son shinkafa da ciyawa. Ido ba ya bambanta su, abinci ne ya raba su. Masu noman rani a fadamun Korama su riƙa duba tsakiyar masara tun tana ƙarama.

Abin da wannan ke koya mana

Tun da ƙarfin ƙwaro yana cikin sarƙar da ke haɗa zubi da zubi, aikinmu shi ne yanke sarƙar.

A wajen wake, a girbe da wuri da zarar ya bushe, don kowace rana a gona ƙarin ƙwai ne. A sussuke, a shanya sosai a rana. A share rumbu ko ɗakin ajiya, kada a zuba sabon wake a kan ragowar na bara ko cikin tsohon buhu mai ƙwari, wannan gadon zuriya ne muke miƙa musu da hannunmu. Sannan a rufe shi inda iska ba ta shiga. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 tare da cibiyar INRAN, aikinsa ke nan: ƙwarin su shanye iskar da ke ciki, su daina ci da haihuwa, su mutu. A duba ledar kada ta kasance da huda, a ɗaure kowace daban, a ɗora a kan katako nesa da ɓera, kada a riƙa buɗewa. Bido ko tano mai murfi mai kyau, idan an wanke an cika shi taf, shi ma yana yi.

A wajen magani, yadda shuka ke tace ƙwari haka guba ke tace su. Idan aka yi ta zuba magani iri ɗaya, ko aka rage ma'auni don tsimi, masu juriya ne ke saura su hayayyafa. Kada a zuba maganin feshin gona a kan abin da za a ci. Ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba kuma ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana, tana kisa. A tuntuɓi malaman gona kafin a saya.

A wajen hatsi, mutanen gari su yi ƙoƙarin shuka a lokaci ɗaya gwargwadon yadda ruwa ya ba da hali. Bayan girbi a sare kara a kwantar da shi a ƙasa rana ta buge shi, zafin yana kashe da yawa daga tsutsotsin da ke ciki, kuma karan yana tare ƙasa daga iska. Ragowar tsohon danni a yi amfani da shi a murhu kafin ruwan farko.

Akwai kuma ɗan ƙaramin zanzaron nan, Habrobracon hebetor, wanda ke harbin murzuna ya yi ƙwai a jikinta. INRAN da ICRISAT ta Sadore, da masana irin su Farfesa Ibrahim Baoua na jami'ar Maraɗi, sun yi shekaru suna aikin yaɗa shi. Ana sa shi a ƙananan buhunan algarara tare da hatsi da wasu tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataye kimanin buhu 15 a kewayen gari lokacin da hatsi ya fara fitar da kai. Ba ya harbin mutum, ba ya cin shuka. Aikin gari ne gaba ɗaya, don zanzaron bai san iyakar gona ba, kuma feshi barkatai yana kashe shi tare da murzunar. Ƙungiyoyin manoma su nemi bayani a ma'aikatar gona ta Magarya ko ta Dungas tun kafin watan Yuli.

Ga ƴan'uwa da ke nesa

Da yawanku kuna aiko kuɗi da kaka a saya muku wake ko hatsi a ajiye, wasu don cimakar gida, wasu don a sayar da bazara idan farashi ya tashi a nan ko a Maigatari da Dawanau. Idan kun aiko kuɗin wake, ku haɗa da kuɗin buhun ajiya mai kyau, ku kuma tambaya ko an shanya shi kafin a ɗure. Waken da ya huje ba ya daraja a kasuwa, ba ya tsira da kyau idan an shuka, kuma gidan da ya rasa iri da damina ya san abin da ya rasa.

Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata da ke riƙe da ajiyar wake a gidaje da yawa. Mai tambaya ko wanda ya ga wani abu daban a gonarsa ya aiko mana, za mu kai ta gaban malaman gona a cikin shirinmu na manoma. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka noma.